Motar da Na Ɓoye wa Baba a Layin Baya

A gidanmu ba a buga ƙofa. Ba don mun fi sauran yaran unguwa tarbiyya ba ne, mahaifinmu ne sana'arsa ɗaura ƙofa. Ya yi shekara ashirin da wani abu a masana'antar haɗa motoci ta garinmu, kuma duk tsawon shekarun nan abu guda yake yi: gangar mota ta iso gabansa tsirara, shi da abokin aikinsa su ɗaura mata ƙofofi huɗu, su daidaita, ta wuce gaba. Kamfanin na Faransawa ne, yawancin kayan ma a akwatuna ake kawo su daga can, amma ban taɓa jin wani ya kira ta motar Faransa ba. Motar gida ce. Ita gwamnati take saya, ita direbobin tasha suke lodi, kuma ko bakaniken da ke gindin bishiya a ƙauye ya san cikinta kamar aljihunsa.

Duk wanda ya yi sabuwar mota a unguwarmu sai ya kawo wa Baba ya sa albarka. Mu yara mun haddace yadda abin yake tafiya. Zai fito da 'yar takarda mai faɗin yatsu biyu, ya sa ta a bakin ƙofa, ya rufe, ya ja. In ta zare salin-alin, ƙofar ba ta zauna ba, ruwa zai shiga. In ta cije, sai ya gyaɗa kai. Daga nan ya sake buɗewa, ya karkata kunne, ya tura ƙofar da yatsu uku ya saurari yadda za ta rufu. Sai ya gama da duka huɗun sannan ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet ya yi addu'a mai tsawo, mai mota yana amin, mu ma muna amin don mun san za a raba alewa.

Da motocin Kwatano suka fara shigowa, tsofaffin motocin Japan masu araha da ba sa shan mai, sai na lura da wani abu da ban tambayi kowa ba. Ana kawo wa Baba su ma, kuma ba ya korar kowa. Amma ba ya fito da takarda. Yakan tsaya nesa kaɗan, hannuwansa a baya, ya ce, “Allah ya tsare,” ya koma ciki. A shekarun nan ne aiki ya yi ta ja da baya a masana'anta, daga kullum ya koma kwana uku a mako, har ranar da ya dawo gida da rana tsaka riƙe da rigar aikinsa a leda. Bayan wasu shekaru yayana ya sayi ɗaya daga irin waɗancan motoci, ya kawo ta ƙofar gida yana ta washe baki. Shi ma “Allah ya tsare” ya samu, hannuwa a baya. Na ga fuskar yayana a ranar, kuma na yi wa kaina alkawari ba za a taɓa yi mini wannan tsayuwar ba.

To sai ga ni a Landan, ina aikin jinya, muna zaune da maigidana da 'ya'yanmu mata biyu a wani ɗan gida a Tottenham. Ranar da na ci jarrabawar tuƙi, a karo na uku, ban yi shawara da kowa ba. Na nemi mota mai tambarin kamfanin Baba, ta hannu, ruwan toka, mai shan dizal. Na tsaya a gefenta aka ɗauke ni hoto na tura gida. Baba ya kira ya yi mini addu'a har katinsa ya ƙare. Ban taɓa jin na yi abin kai a rayuwata kamar ranar ba.

Maƙwabcinmu na jikin katanga wani dattijon Bature ne, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai. Yana da wata tsohuwar mota koriya, ƙirar Ingila, wadda yake wankewa duk safiyar Lahadi ko ana ruwa. Da ya ga tawa sai ya ajiye soso, ya zagaya ta, ya ce, “Kin zo ƙasarmu, kina aiki a asibitinmu, kuma kika rasa abin saya sai motar waje?”

Raina ya ɓaci, don ni ba a taɓa mini motata. Na ce masa wannan motar gidanmu ce, mahaifina ne yake haɗa irinta.

Ya ce, “Mahaifinki Bafaranshe ne?”

Na kulle motata na shige gida. Daga baya muka saba, na gane shi ma tsohon ma'aikacin masana'antar mota ne, a sashen fenti. Tasu an rufe ta tuntuni, sunan ma wasu 'yan wata ƙasa suka saye suna liƙa wa motocin da ake ƙerawa a can. Ya ce ba zai taɓa sayen sababbin ba, suna ne kawai, ba jini. Abin ya riƙa ba ni mamaki. Nakan tsaya a taga da kofin shayi ina kallon motocinmu biyu a jere, kowannenmu yana ganin tasa ce ta gida, ta ɗan'uwansa kuma baƙuwa. Sauran layin kuwa, daga wannan kai zuwa wancan, motocin Japan ne da Koriya da Jamus, kuma ban ga alamar masu su suna rasa barci a kan haka ba. Na taɓa tambayar wata abokiyar aikina 'yar Gana me ya sa ta zaɓi motarta. Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa take shan ruwa, ta ce, “Tana tashi da safe.”

Tawa kam ba kullum take tashi da safe ba. Shekara tara na yi da ita. Na san bakanikenmu har na san sunayen jikokinsa. In sanyi ya yi tsanani sai na yi ta lallashinta, ina bismilla ina murɗa makulli, maigidana yana leƙowa ta taga yana cewa, “Hajiya, a kawo mata bargo ne?” Duk wannan bai sa na ji zan rabu da ita ba. Abin da ya raba mu dokar hayaƙi ce. Aka faɗaɗa ta har ta haɗo da unguwarmu, ya zama duk ranar da tsohuwar mota mai dizal ta motsa sai an biya tara. Na yi taurin kai na wasu watanni, sannan na sallama.

Na so in sake sayen mai tambarin nan, amma wadda ta dace da mu ta fi ƙarfinmu. Maigidana ya kai ni wani wurin sayar da motoci kusa da Stratford, ya ce in gwada wata kawai, gwaji ba saye ba ne. Mai lantarki ce, fara, ƙirar Sin. Na shiga ina ɗaure da fuska, na shirya aibobin da zan faɗa. Na taka ta, ta zame kamar an zuba mai a faranti, ba ƙara, ba jijjiga, kujera tana ɗumama mini baya. Kunya ta kama ni saboda daɗin da na ji. Muka saya. Ranar da aka zo ɗaukar tsohuwar, na shige banɗaki na yi kukana, kuma ban tura wa kowa hoton sabuwar ba.

Wata huɗu bayan haka aka ce Baba zai zo Landan a cire masa yanar ido. Zuwansa na farko ke nan. Murna ta cika ni, sai kuma na tuna da abin da ke ajiye a ƙofar gida. Na san abin da nake tsoro sarai. Ba faɗa ba ne, Baba ba ya faɗa. Tsayuwar nan ce, hannuwa a baya, da “Allah ya tsare.”

Ana gobe zai sauka na ɗauki motar na kai ta layin da ke bayan namu, na ajiye ta gaban wani shagon wanki, na dawo a ƙafa.

Maigidana ya ce, “Ina kika yi parking?”

Na faɗa masa.

“Sati shida zai yi fa. Za ki riƙa zagayawa kina gaishe ta a ɓoye ke nan?”

Na ce, “Na yi booking ɗin tasi zuwa airport. Asibiti kuma da tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, za mu riƙa zuwa. In ya tambaya, tana gareji.”

“Wacce?”

“Malam, ka bar ni da abin da ya dame ni.”

Ya yi dariya ya ce shi dai ba za a ji ƙarya a bakinsa ba, in an tambaye shi zai ce a tambayi mai mota.

Baba ya iso ya rame, yana tafiya yana laluben ƙasa da ƙafa saboda idon. Amma son sanin abu bai rage masa ba ko kaɗan. A tasin da ya ɗauko mu sai da ya shafa robar ƙofa da babban yatsa. A jirgin ƙasa ya zauna kusa da ƙofa yana sauraron yadda take haɗuwa, ya ce iska ce take tura ta, ya ji hucinta. Ni kuwa ina ta addu'a kada ya tambaya. A rana ta uku muna karin kumallo ya tambaya.

“Uwata, ina motar taki?” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ce, “Tana gareji, Baba.”

“Me ya same ta?”

“'Yar matsala ce ta inji.”

Ya ce Allah ya sawwaƙe. Maigidana ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Ina da shekara arba'in da biyu a lokacin, ina da 'ya mai shirin shiga jami'a, amma gumi ya tsattsafo mini kamar an kama ni da hannu a tukunyar miya.

Aka yi aikin ido ɗaya, ya yi kyau, aka ce a jira kafin a yi ɗayan. Baba ba mai zaman ɗaki ba ne. Ya samu kujerar roba ya riƙa fita ƙofar gida da hantsi, kwanakin farko ido ɗaya a rufe da auduga, yana shan 'yar ranar da ake samu. Ban kawo komai a raina ba. Na manta ranar Lahadi maƙwabcina yana wanke mota.

Ina kicin na jiyo muryoyi. Na leƙa, sai ga Baba tsaye a jikin koriyar motar da 'yar takarda a hannu, Bature yana riƙe masa ƙofa. Baba yana da Turancinsa na masana'anta, gajere, mai yawan nuni da hannu, kuma da alama ya ishe su. Suka bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. A ta baya ta hagu takardar ta zare, Baba ya girgiza kai, Bature ya ɗaga hannuwa sama yana rantsuwa ba daga masana'anta ta fito haka ba. Baturen ya shiga gidansa ya fito da sifana, Baba ya durƙusa da farar jallabiyarsa ya kwance wani abu ya ɗaure, aka sake gwadawa, takarda ta cije. Su biyun suka yi ta dariya kamar sun shekara da sanin juna. Na ji daɗi har na fito da shayi a faranti, kuma da ƙafata na kai kaina.

Bature ya karɓi kofi ya ce wa Baba, “Ka gwada ta 'yarka kuwa? Sabuwar, ta Sin. Ba ta da ƙara ko kaɗan, ranar nan saura kaɗan ta taka ni ban ji zuwanta ba.” Ya juyo gare ni. “Ina kika kai ta ne? Na ga kamar ita ce a gaban shagon wanki.”

Na ajiye farantin a kan katanga. Baba ya kurɓi shayinsa, ya yi wa Bature godiya, sannan ya ce mini da Hausa, a hankali, “Garejin da nisa ne, Uwata?”

Na ce, “Babu nisa.”

“To ɗauko makulli.”

Muka tafi a ƙafa, yana dafe da kafaɗata. Tafiyar minti biyar ce amma na yi bayanin da ya fi na shekara. Na faɗi dokar hayaƙi, na faɗi tara, na faɗi yadda na riƙe waccan shekara tara saboda shi, yadda na yi kuka da aka ɗauke ta. Na ce na san irin waɗannan motocin ne suka cinye aikinsa, na san ban kyauta ba. Muka sha kwana.

Ya ce, “Waccan ta cikin hoto, a wane ɓangare sitiyarinta yake?”

Na ce, “A dama. Duk motocin ƙasar nan haka suke.”

“Mu kuwa tunda na shiga wurin nan har na fita, ban taɓa ɗaura ƙofa a mota mai sitiyari a dama ba. Waccan ba tamu ba ce. Wasu ne suka haɗa ta a can ƙasarsu, ban san su ba, ba su san ni ba.”

Na tsaya cak a kan titi. Shekara tara ina lallashin mota a cikin sanyi. Na ce, “Baba, ka sani tun ranar da na turo hoton?”

“Ido biyu gare ni a lokacin.”

“To me ya sa ka yi mini addu'a har kati ya ƙare?”

“Na ga abin da kike nufi,” in ji shi. “Shi na sa wa albarka.”

Muka iso. Tana nan fara fes, ganyaye sun taru a gilashinta, wata tattabara ta yi mata abin da tattabaru suke yi. Baba ya saki kafaɗata. Ya tsaya nesa kaɗan, ya mai da hannuwansa baya. Na ce a raina shi ke nan, ga ta nan ta zo. Ya karkata kai yana kallonta da ido ɗayan da aka gyara, ya daɗe. Sai ya ce, “Ina take shaƙar iska? Ban ga hanci a gabanta ba.”

Na ce ba ta buƙata, ba inji irin wancan. Ya ce in buɗe bonet. Na buɗe, ya leƙa, ya ga ba komai sai wani ɗan akwati da wayar caji a naɗe. Ya yi wata 'yar dariya. Ya tambayi inda batir yake, na ce a ƙasa, ƙarƙashin kujeru. Ya ce to shi ya sa ta zauna daram haka. Ya tambayi abubuwa da yawa da ban san amsarsu ba, har na ji haushin kaina, wata huɗu ina tuƙa abu ban taɓa tambayar yadda aka yi shi ba.

Sannan ya sa hannu a aljihu. Takardar nan ce da ya gwada motar Bature da ita, duk ta yamutse. Ya miƙar da ita a cinyarsa, ya sa a ƙofar direba, ya rufe, ya ja. Ta cije. Ya matsar da ita sama ya sake, ya matsar ƙasa ya sake. Ya bi huɗun haka, ba gaggawa, wata mata da ta fito daga shagon wanki da kwando ta tsaya tana kallonmu. Da ya gama ya koma ƙofar farko, ya buɗe, ya kawo kunnensa kusa, ya tura ta da yatsu uku. Ta rufu da wani ɗan sauti mai taushi. Ya sake buɗewa ya sake turawa, sau uku.

Ya ce, “Wa ya ɗaura wannan ƙofa?”

Na ce ban sani ba, wataƙila ma na'ura ce, yanzu an ce na'urori suke yin komai.

“Na'ura tana ɗagawa,” in ji shi. “Amma akwai wanda ya tsaya a ƙarshen layi ya saurara. Wannan an saurare ta.”

Ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet. Na ɗaga hannuwana, a gefen titi a Tottenham, motocin bas suna wucewa. Ya roƙa mini tsari daga haɗari da sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya roƙa wa maigidana da yara, kamar yadda na ji yana yi wa mutane tun ina ƙarama. Na ɗauka ya gama, har na kai hannu zan shafa, sai na ji ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa.

“Shi kuma wanda ya ɗaura ƙofofin nan, ko wane ne, ko a ina yake, ya iya aikinsa. Allah ya bar masa aikinsa. Allah kada ya nuna masa ranar da zai koma gida da rana tsaka.”

Na ce amin. Shekara da shekaru ban taɓa jin ya ambaci ranar nan ba, ko sau ɗaya.

Ya ninke takardar ya mayar aljihu, ya zagaya ɓangaren dama don ya shiga, ya tarar da sitiyari, ya yi tsaki ya sake zagayowa. Da ya zauna na miƙa hannu zan rufe masa ƙofa, ya ce in bari. Ya jawo ta da kansa, a hankali, yana saurare.

“Mu je gida,” ya ce. “Ki ajiye ta a ƙofar gida inda mutane za su gani.”